Masaƙan Leshi da Limaminsu: Rayuwar Yau da Kullum a Tushen Waƙoƙin Ibada na Olney

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin waƙar Hausa sun daɗe da yarda cewa waƙar niƙa da ta daka da ta daɓe ba sa fahimtuwa sai an dubi aikin da ya haife su, domin tashi da faɗuwar taɓarya su ke yanka ɗango, nauyin dutsen niƙa kuma shi ke ja wa murya tsawo. Amma idan aka zo kan waƙoƙin ibada na Kirista, waɗanda ake rerawa a majami'u da Hausa da Yarabanci da Ibo da sauran harsunan Nijeriya, sai a riƙa ɗaukarsu tamkar abin da ya fito a kammale daga ɗakunan malaman tauhidi na Turai. Wannan maƙala ta ɗauki misali guda, wato littafin waƙoƙin da aka buga a Ingila a 1779 mai suna Olney Hymns, domin ta nuna cewa tsawon ɗangon waɗannan waƙoƙi da zaɓin kalmominsu da jigoginsu duk halin talakawan da aka yi wa su ne ya tsara su: talaucinsu, da ƙarancin karatunsu, da lokutan aikinsu. Daga cikin wannan littafi ne waƙar da aka fi sani da Amazing Grace ta fito, kuma ɗaya daga cikin mawallafansa biyu ya taɓa cin kasuwar bayi a gaɓar Afirka ta Yamma.

2.0 Kafin Olney

Waƙa a cikin sujadar Kirista ta samo asali ne daga Zaburar Yahudawa. Wajen shekarar 112 Pliny, gwamnan Rum a lardin Bitiniya, ya rubuta wa Sarki Trajan cewa Kiristoci kan taru kafin fitowar rana a wata rana da suka keɓe, su rera waƙa ga Almasihu suna amsa wa juna. A ƙarni na 4 waƙa ta zama makamin jayayyar aƙida. An ruwaito cewa Arius na Iskandariya ya tsara waƙoƙi don matuƙan jirgin ruwa da masu niƙa da matafiya, saboda koyarwarsa ta shiga bakin waɗanda ba sa karanta littafi. A Milan kuwa, a 386, lokacin da jama'a suka tare a majami'a dare da rana don kada hukuma ta ƙwace ta, Bishop Ambrose ya sa su rera waƙoƙi, kuma Agustin, wanda mahaifiyarsa take cikin masu kwana a wurin, ya ce an yi haka ne don kada gajiya da baƙin ciki su karya su. Shugabannin Ikilisiya ba su saki jiki da wannan ba. Taron Lawudikiya na ƙarnin nan ya hana rera waƙoƙin da ɗaiɗaikun mutane suka tsara, kuma a tsawon ƙarnoni da suka biyo baya waƙar majami'a a Yammacin Turai ta koma hannun ƙwararru masu rerawa da Latin.

Martin Luther ya mayar da ita bakin jama'a da Jamusanci, littafin farko na waƙoƙin mabiyansa kuma ya fito a 1524 da waƙoƙi 8. Ingila ta bi wata hanya dabam, wadda ta fi kusa da ta John Calvin: Zabura kaɗai ake rerawa, bayan an zuba ta cikin baitoci masu amsa-amo. Fassarar Sternhold da Hopkins ta 1562 ita ta yi zamani mai tsawo. Da yake yawancin masu sujada ba su iya karatu ba, littafi kuma yana da tsada, sai aka ɗauki al'adar jan baƙi: ma'aikacin majami'a ya karanta ɗango ɗaya, jama'a su rera shi, sannan ya karanta na gaba. Wannan al'ada ta bar tabo a jikin waƙar kanta. Isaac Watts, wanda littafinsa na 1707 ya buɗe ƙofar sababbin waƙoƙi da Ingilishi, ya faɗa a gabatarwarsa cewa da wuya ya bar aya a tsakiyar ɗango, da wuya kuma ya bar ƙarshen ɗango ba aya, saboda gamin karatu da rerawa da ake yi. Ke nan rashin karatun jama'a shi ya yanke inda jimla za ta tsaya. Watts dai ba ɗan Cocin Ingila ba ne, kuma a cikin Cocin Ingila ɗin sababbin waƙoƙi ba su da izini bayyananne a sujadar Lahadi har cikin ƙarni na 19.

3.0 Garin da Mutanensa

Olney ƙaramin garin kasuwa ne a gaɓar kogin Ouse, a yankin Buckinghamshire, kimanin mil 60 arewa da Landan. A tsakiyar ƙarni na 18 mutanensa ba su wuce 2,500 ba, kuma sana'ar da ta riƙe garin ita ce saƙar leshi da hannu. Masaƙiya takan ɗora wani matashi mai tauri a cinyarta, ta kafa allurai a kan zanen da aka huda, ta yi ta sarƙa 'yan ƙananan sanduna masu naɗe da zare, ɗaya bisa ɗaya, tun safe har dare. Aiki ne na mata da yara galibi, a gida ake yinsa, dillalai kuma su ke kawo zare su sayi abin da aka saƙa a farashin da suka ga dama. Da yake hayaƙi da toka suna ɓata farin zare, masaƙa ba sa zama kusa da murhu ko da a tsananin hunturu. Sai su sa garwashi a ɗan kasko su ajiye a ƙarƙashin tufafinsu. Da dare mutum da yawa kan kewaye kyandir ɗaya, a jera kwalabe masu ruwa a gefensa don su tattara haske a kan matashin kowacce. Ana kai yara makarantar saƙa tun suna 'yan shekara 5 ko 6, inda abin da ake koya musu na karatu bai taka kara ya karya ba. A wasiƙun da mawaƙi William Cowper ya rubuta daga garin a 1780 ya ce masaƙan leshi sun kusa 1,200, kuma ɗaruruwa daga cikinsu suna bakin yunwa duk da cewa hannunsu ba ya hutawa.

Akwai wani abu da ya kamata mai nazarin waƙa ya lura da shi. Masaƙan wannan yanki suna da waƙoƙin aikinsu, waɗanda aka tattara a rubuce a ƙarni na 19: gajerun baitoci ne da yara kan rera tare don ƙidayar alluran da suka kafa, da kuma hana gyangyaɗi. Waɗannan 'yan'uwan waƙar daka ne ta fuskar amfani. Abin da suke nunawa shi ne irin kunnen da mai tsara waƙar ibada zai tarar a garin, kunnen da ya saba da gajeren ɗango da bugu mai maimaituwa, na mutanen da idonsu da hannunsu suke kan aiki, bakinsu kaɗai ke sake.

4.0 Mawallafan

An haifi John Newton a Landan a 1725. Mahaifiyarsa ta rasu kafin ya cika shekara 7, yana ɗan shekara 11 kuma ya fara bin mahaifinsa tafiyar teku. A 1744 aka kama shi da ƙarfi aka sa shi a sojan ruwa. Ya gudu, aka kamo shi aka yi masa bulala, daga bisani aka miƙa shi ga wani jirgin fataken bayi. Ya zauna a tsibiran Plantain da ke gaɓar Saliyo a ƙarƙashin wani Bature mai cinikin bayi, inda ya sha ciwo da yunwa da wulaƙanci, har ya riƙa kwatanta kansa da bawan bayi. A watan Maris na 1748, a kan hanyar komawa gida cikin jirgin Greyhound, guguwa ta kusa nutsar da su a yamma da Ireland, kuma daga wannan dare yake ƙirga tubarsa. Sai dai tubar ba ta raba shi da cinikin ba. Bayanta ne ma ya zama kyaftin, ya jagoranci tafiya 3 ta jigilar bayi tsakanin 1750 da 1754, kuma rashin lafiya ce ta sauke shi daga jirgi. Ya yi aikin kwastan a tashar Liverpool, yana koyon Girkanci da Ibrananci da kansa, sai a 1764 ya sami naɗi bayan an sha ƙin karɓarsa saboda ba shi da digirin jami'a. Lord Dartmouth ne ya samar masa riƙon majami'ar Olney, a kan albashin fam 60 a shekara. Wani attajiri mai suna John Thornton kuma yana ba shi fam 200 a shekara don baƙi da matalauta.

Cowper kuwa ɗan babban gida ne, ya karanci shari'a, amma ciwon damuwa ya kwantar da shi a 1763 har ya yi yunƙurin kashe kansa. Ya tare a Olney a 1767 domin ya kasance kusa da Newton. Gidansa yana bakin kasuwa, wani lambu ne kawai tsakaninsa da gidan limamin, kuma suna biyan mai lambun kuɗi a shekara don su riƙa ratsawa. Ta fuskar gwanintar harshe Cowper ya fi abokinsa nesa ba kusa ba. Newton kansa ya san haka.

5.0 Yadda Waƙoƙin Suka Samu

Ba don babbar sujadar safiyar Lahadi aka fara tsara waƙoƙin Olney ba. Newton ya kafa taron yara a tsakiyar mako, da taron addu'a na manya a daren Talata, bayan an tashi daga aiki. Da jama'a suka yi yawa, a 1769 aka mayar da taron wani babban gida na Lord Dartmouth da ba kowa a cikinsa, wanda zaurensa ke ɗaukar mutum kamar 130. A irin waɗannan tarurruka, da kuma na yammacin Lahadi, Newton yakan kawo sabuwar waƙa kusan kowane mako, ya karanta ta, ya yi bayaninta baiti-baiti, sannan a rera. Waƙar ita ce taƙaitaccen wa'azin, wanda masaƙiya za ta iya tafiya da shi gida a ka, ta maimaita a kan matashinta har mako ya zagayo. Wanda ya san yadda malaman jihadi na ƙasar Hausa suka zuba fiƙihu da tauhidi cikin waƙa don mata da makiyaya ba zai ga baƙon abu a nan ba. Shekarun ma kusan ɗaya ne.

A gabatarwar littafin Newton ya bayyana ƙa'idarsa. Ya ce waƙar da za a yi sujada da ita, wadda kuma talakawa za su yi amfani da ita, tilas ta kasance bayyananniya, mai sauƙi, marar sarƙaƙiya, adon harshe kuma a sa shi kaɗan-kaɗan da lura. Ya yarda cewa shi ba babban mawaƙi ba ne, ya kuma ɗauki matsakaiciyar baiwarsa a matsayin abin da ya dace da aikin. Ana iya ganin wannan ƙa'ida a ma'aunin da ya fi yawaita amfani da shi: baiti mai ƙwar huɗu, ɗango na farko da na uku masu gaɓa 8, na biyu da na huɗu masu gaɓa 6. Wannan shi ne ma'aunin tsohuwar Zabura ta 1562, shi ne kuma na waƙoƙin labari da ake rerawa a kasuwa da mashaya. Amfaninsa a fili yake. An buga littafin ba tare da alamun kiɗa ba, kalmomi zalla, domin duk karin murya da jama'a suka riga suka sani a wannan ma'auni zai hau kan kowace sabuwar waƙa da aka zuba cikinsa.

Amazing Grace misali ce mai kyau. Newton ya tsara ta don wa'azin ranar 1 ga Janairu 1773, a kan addu'ar Annabi Dawuda da ke cikin Littafin Tarihi na Farko, sura 17, inda yake mamakin yadda Allah ya kawo shi matsayin da yake. Waƙa ce ta shiga sabuwar shekara, ta waiwaye da hange, kuma sunan da ya ba ta ke nan a littafin, inda take ta 41 a kashi na farko. Baitinta na farko yana da gaɓa 28 da kalmomi 26. In ban da kalmar farko, kowace kalma gaɓa ɗaya ce. Yaron makarantar saƙa ba zai yi tuntuɓe da ko ɗaya ba. Karin muryar da duniya ta san ta da shi yau ba na Olney ba ne: a Amurka William Walker ya haɗa kalmomin da shi a 1835, shekara 28 bayan rasuwar Newton, baitin da aka saba rufe ta da shi ma ba nasa ba ne.

A cikin watan Janairun nan na 1773 ciwon Cowper ya dawo da ƙarfi, ya ɗauka a ransa cewa Allah ya yashe shi, hannunsa kuma ya fita daga aikin. Shi ya sa daga cikin waƙoƙi 348 da ke littafin nasa ba su kai 70 ba, sauran kimanin 280 na Newton ne.

An kasa littafin kashi 3: na farko a kan ayoyin Littafi Mai Tsarki, na uku a kan hawa da saukar rayuwar mai bi. Kashi na biyu shi ne ya fi jan hankalin mai neman rayuwar garin, domin kusan kundin abin da ya faru ne. Akwai waƙoƙin sabuwar shekara, da na hunturu da bazara da kaka, da ta yammacin Asabar, da ta ƙararrawar mutuwa. Akwai ta girgizar ƙasa ta 1775, da ta husufin wata na 1776, da ta ɓarkewar yaƙi a Amurka, da ta gobarar da ta ci gidajen garin a 1777. Akwai waƙoƙi a kan tumaki da lambu da ambaliya da narkewar ƙanƙara da gizo-gizo da ƙudan zuma. Dabarar ɗaya ce a ko'ina: a ɗauki abin da kowa ya gani da idonsa a makon, a bayyana shi a baiti biyu ko uku, sannan a juya shi ya zama darasi. Wani lokaci juyin yakan zo da ƙarfin tsiya, har mai karatu ya ji an matsa wa ƙudan zuma lamba ya yi wa'azi. Amma inda Newton ya koma kan teku da guguwa da jirgin da ya rasa matuƙi, harshensa yakan yi nauyi irin na wanda ya ga abin da kansa.

Bai kamata a ɗauka cewa garin ya rungumi limaminsa baki ɗaya ba. Bayan gobarar 1777 Newton ya nemi a dakatar da bukin kunna wuta da ake yi kowace ranar 5 ga Nuwamba, saboda yawancin rufin gidajen na ciyawa ne. Matasa suka fusata, suka fito da dare suna fasa tagogi, suka nufo gidansa, har sai da ya aika musu da kuɗi suka watse, abin da ya ce ya ji kunyarsa. Littafin ya fito a 1779, a farkon 1780 kuma ya koma wata majami'a a tsakiyar Landan.

6.0 Abin da Waƙoƙin Suka Yi Shiru a Kansa

Littafin da ya sami wuri don husufi da gizo-gizo bai keɓe waƙa ko ɗaya ga cinikin bayi ba. Bauta da sarƙa da fansa suna nan birjik a cikinsa, amma duk a matsayin siffar zunubi da ceto. A bangon ɗakin karatunsa na Olney Newton ya sa an rubuta ayar Kubawar Shari'a mai tunatar da Isra'ila cewa ta taɓa zama baiwa a Masar, kuma bautar da yake tunawa ita ce tasa ta Saliyo. A tarihin rayuwarsa da ya buga a 1764 ya ce a lokacin da yake kyaftin bai taɓa shakkar halaccin cinikin ba, ko da yake aikin gadin fursuna da sarƙoƙi yana damunsa, har ya ambaci tafiyoyinsa na ƙarshe zuwa Gini a matsayin lokutan da ya fi jin daɗin ibada. Sai a 1788, shekara 34 bayan barinsa teku, ya buga ƙasidarsa a kan cinikin bayi na Afirka, ya bayyana yadda ake jera mutane a cikin jirgi kamar littattafai a kanta, ya amsa laifinsa a fili. Ya goyi bayan William Wilberforce, ya ba da shaida a gaban majalisa, ya rasu a Disamba 1807, watanni 9 bayan dokar hana cinikin. Saboda haka labarin da ake yawan bayarwa, cewa Amazing Grace waƙar nadamar cinikin bayi ce, bai yi daidai da jerin shekarun ba. Rayuwar yau da kullum da ta shiga littafin ita ce ta masu sauraro a zauren Talata, waɗanda ba su taɓa ganin jirgin bayi ba. Abin lura kuma shi ne, da Cowper ya tashi yaƙar cinikin a 1788, waƙoƙin titi ya tsara, a kan karin muryar da jama'a suka riga suka sani.

7.0 Isowarsu Nijeriya

Bayan wata shari'a da aka yi a York a 1820 a kan littafin waƙoƙin wani limamin Sheffield, Thomas Cotterill, sababbin waƙoƙi suka sami gindin zama a Cocin Ingila. Newton yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar mishan ta C.M.S. a 1799, ita ce kuma ta kawo J. F. Schön da Samuel Ajayi Crowther bakin Kwara, ta aiko ayarin Bishop Tugwell zuwa Kano a 1900, ta zaunar da Dokta Walter Miller a Zariya. Ta hannun wannan ƙungiya da takwarorinta irin su S.I.M. da S.U.M. waƙoƙin Ingilishi suka shiga Hausa da karin muryarsu na asali, kamar yadda ake gani a Littafin Waƙoƙi.

A nan ne sauƙin da Newton ya nema ya zama wahala. Ma'auninsa ya dogara ne a kan yawan kalmomi masu gaɓa ɗaya da Ingilishi ke da su, da kuma ƙarfafa wasu gaɓoɓi. Kalmomin da Ingilishi ke kiran Ubangiji da alheri da zunubi da gicciye da su duk gaɓa ɗaya-ɗaya ne; a Hausa ta farko gaɓa 4 ce, sauran 3-3. Ɗango mai gaɓa 6 yakan cika da kalma biyu, sai mai fassara ya zubar da rabin ma'ana ko ya cusa gaɓoɓi. Bugu da ƙari, karin waƙar Hausa yana tafiya ne a kan nauyin gaɓa, kuma tsawon wasali da karin sauti suna bambanta ma'ana. Idan baƙon karin murya ya ja gajeren wasali, gari na zama sai ya koma gari na tuwo. Idan ya faɗo a inda ya kamata ya tsaya sama, kai na wakilin suna sai ya yi kama da kai na jiki. Matsalar ta fi tsanani a Yarabanci da Ibo, shi ya sa J. J. Ransome-Kuti ya tsara waƙoƙinsa a kan karin gargajiya, ya ɗauke su a faifai a Landan a 1922, Ikoli Harcourt Whyte kuma ya tsara nasa da Ibo a sansanin kutare na Uzuakoli yana bin karin sautin harshen. A majami'un Arewa aikin ya faɗo ne a hannun ƙungiyoyin Zumuntar Mata, waɗanda suke tsara waƙoƙinsu kai tsaye da Hausa, jagora na bayarwa 'yan amshi na karɓa, da tulu da caki, a kan aure da reno da rashin lafiya da zaman gida, kuma mafi yawansu a ka ake riƙe su, ba a kai ga buga su a littafi ba.